Jingar Gini: Abin da Muke Karantawa da Abin da Ake Yi a Unguwa Uku



Mu masu karatun shari'a a Jami'ar Bayero an koya mana cewa kwangila ta ƙullu da zarar an yi tayi, an sallama, kowa ya san abin da zai bayar, ko ba a rubuta ba. To, amma a leƙa Unguwa Uku. Mai fuloti da magini su yi jinga da fatar baki, a ba da kafin alƙalami, a haƙa harsashi. Kafin a kai linta, siminti ya yi tashin gwauron zabo. Magini ya ce a yi ƙari, mai gida ya ce jinga jinga ce. Aiki ya tsaya, damina ta tarar da gini ba rufi. Wa zai ɗauki hasarar?

Manyan kwangiloli kan rubuta amsar tun farko. Jingar baka kuwa sai shaidu, su ma sukan manta.

Ba lalle sai an gurfana gaban alƙali ba. Tun 2009 Babbar Kotun Kano take da zauren sasantawa. Sai dai dokar 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ce yarjejeniyar naɗa mai raba gardama sai a rubuce.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta tsara takardar jinga da Hausa, shafi guda tak, mai ɗauke da farashi, wa'adi, wanda ƙarin kuɗin kaya zai hau kansa da sunan mai raba gardama, mu kai wa magina har bakin aikinsu.