Mu zaunar da ƴaƴanmu na sakandare



Jiya na tambayi ƴata da ke SS3 bambancin jam'iyyarmu da ta adawa. Buɗar bakinta sai cewa ta yi wai kalar atamfa! Na yi dariya, amma wallahi abin ya tsaya min a rai, don baɗi yarinyar nan za ta cika 18 ta yanki katin zaɓe.

Laifinmu ne. Ana koya musu haƙƙin ɗan ƙasa a makaranta, su haddace don jarrabawa, mu ko tambaya ba ma yi.

Don Allah ƴar'uwa, yau ki zaunar da taki. Ki faɗa mata Babi na 4 na Tsarin Mulkin 1999 har da ita aka rubuta. Sashe na 40 ya ba ta damar shiga jam'iyyar da ta kwanta mata, ko da ba tamu ba ce, eh, na faɗa. Sashe na 42 ya hana a ware ta don tana mace.

Ki ba ta labarin Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ta sha ɗauri kan aƙidar kare talaka, tun matan Arewa ba su da ƙuri'a. Sai 1976 muka samu.

A tura wa matan unguwa.