Hotunan Ƙasar Hausa a Rumbunan Ƙetare: Yadda Za a Neme Su da Yadda Za a Karanta Su



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba hanyoyin da intanet ta buɗe wa mai nazarin tsofaffin hotuna da kayan fasaha, musamman waɗanda suka shafi ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A da, duk wanda ke son ganin irin waɗannan kaya sai ya tanadi guzuri, ya nemi biza, ya tafi Ingila ko Jamus ko Amurka. Yanzu kuwa da yawa daga cikin gidajen da ke adana su sun sa hotunansu a intanet, ɗalibi yana zaune a Zariya ko Damagaram zai iya dubawa.

Bari mu fara da inda kayan suke. A Jamus akwai Cibiyar Frobenius ta birnin Frankfurt, wadda ke riƙe da hotuna da zane-zanen tafiyar da Leo Frobenius ya yi daga 1910 zuwa 1912, inda ya ratsa ƙasar Yarabawa da ta Nufe har Adamawa. A Suwizalan akwai rumbun Mishan ta Basel mai ɗauke da dubban hotuna daga Gana da Kamaru, ƙasashen da fatake da sojojin Hausawa suka daɗe da zama. A Washinton akwai rumbun Eliot Elisofon, mai ɗaukar hoto wanda ya rasu a 1973, ya bar wa gidan adana fasahar Afirka hotunansa. A Ingila kuma, a 2011 Hukumar Adana Takardun Tarihi ta ƙasar ta fitar da dubban hotunan tsohon Ofishin Mulkin Mallaka, ta roƙi jama'a su taimaka wajen gane mutane da wuraren da ke ciki.

To, wannan roƙo shi ne ya kawo mu ga zuciyar magana. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma hoton da ba a san wanda ya ɗauka ba, ko yaushe, ko don me, shaidarsa ragaggiya ce. Mafi yawan masu ɗaukar hotunan nan baƙi ne, ba su ji Hausa ba. Sai ka ga an rubuta "wani sarki da mutanensa" ko "ɗan kasuwa Bahaushe", ba suna, ba gari, ba shekara. Alhali kuwa ɗan ƙasa yana duban naɗin rawani zai gane ko mai shi ɗan sarauta ne, yana duban aikin riga zai ce wannan aska takwas ce, wancan aska biyu. Zai bambanta lifidi da sulke, da kakaki da algaita. Wato su suna da hoton, mu muna da sunan, kuma ɗaya ba ya cika sai da ɗaya.

Saboda haka ina ba ɗalibai shawara uku. Ta farko, ku nemi abu da irin rubutun masu ajiyarsa. Bajamushe yakan rubuta Haussa, Bafaranshe Haoussa, Damagaram kuwa sai ka neme ta da sunan Zinder. Ta biyu, duk hoton da kuka samu, ku rubuta lambarsa ta rajista da sunan gidan da ke riƙe da shi, domin adireshin shafi yana sakewa, lamba kuwa tana nan. Ta uku, kada ku ɗauka abin da ke intanet shi ne duka. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Makama na Kano, da akwatunan dattijai a gidajenmu, duk suna jiran mai zuwa da ƙafarsa.

Akwai abin koyi a kudancin ƙasar nan. A 2022 aka buɗe Digital Benin, inda aka tattara bayanan kaya 5,246 daga gidajen ajiya 131 a ƙasashe 20, galibinsu waɗanda sojojin Ingila suka kwashe daga Binin a 1897. Abin sha'awa, masanan Edo sun jera kayan bisa sunayensu na harshen Edo. Me zai hana sassan Hausa na jami'o'inmu su yi wa riguna da sirada da kayan dukanci irin wannan hidima?

Daga ƙarshe, ina tunatar da mu cewa aikin nan ba ya jira. Tsofaffin da za su iya duban hoto su ce wannan wane ne, ɗan wane, suna ta ƙarewa. In muka yi sakaci, jikokinmu za su gaji fuskoki ba sunaye.

Allah ya sa mu dace.