Idan an cire maka kuɗin fansho fiye da ƙima: yadda za ka gyara, da abin da zai shafi harajinka

Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna, Jabo, da mutanen Kebbe da Kuci. Yau maganar kuɗi za mu yi, kuma kuɗin da yawancinmu ba ma dubawa, wato wanda ake cirewa a albashi da sunan fansho.

Wasu sun turo min bidiyon 'yan Amurka suna cewa wanda ya zuba kuɗi fiye da ƙima a asusun ritayarsa za a ci shi tara. Suna tambaya, mu ma haka ne? To, can Amurka akwai iyakar abin da mutum zai zuba a shekara, kuma in ya wuce bai janye ba, ana cin shi tarar kashi 6 cikin 100 na rarar duk shekara. Wannan dokarsu ce. Tamu daban take, amma mu ma akwai yadda rara ke shiga, akwai kuma yadda take taɓa haraji.

Bari mu fara daga tushe. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Ana lissafin ne a kan albashin wata, kuma bai kamata ya gaza asalin albashi haɗe da kuɗin gida da na sufuri ba. Kuɗin na shiga asusunka na ritaya, RSA, wanda kamfanin fansho da ka zaɓa, PFA, ke juyawa, hukumar PenCom kuma tana sa ido. Wannan tsari ya shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da na kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu. In kai ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, fara tambayar ofishinku wane tsari kake kai, don kowace jiha da dokarta.

To ta ina rara ke shigowa? Hanyoyin da aka fi gani uku ne. Na ɗaya, mai lissafin albashi ya yi kuskure, ya ɗora ka a matakin da ba naka ba, ko ya cire na wata ɗaya sau biyu. Na biyu, a tura kuɗin wani cikin asusunka saboda an rubuta lambar PIN ba daidai ba. Na uku, kai da kanka ka nemi a riƙa cire maka ƙari na ganin dama, sai ya wuce iyaka. Ƙa'idar PenCom ita ce ƙarin ganin dama kada ya haura kashi ɗaya bisa uku na albashin wata.

Na san wani zai ce, to ai kuɗin asusuna ya shiga, ina asarar? Ɗan uwa, akwai asara. Na farko, kuɗin da ya shiga RSA ba kamar asusun banki ba ne da za ka je wurin mai POS ka ciro. An rage maka kuɗin cefane yau, an kulle shi. Na biyu, in kuɗin wani ne, hakkinsa ne ke zaune wurinka, kuma ranar da aka gano za a cire. Na uku, shi ne haraji.

Ga yadda abin yake. Kuɗin fansho ana cire shi ne kafin a lissafa harajin albashi. Ke nan duk nairar da aka rubuta a matsayin fansho, ba a ɗora mata haraji ba. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, sai naira miliyan 2.2 da ke biye a biya kashi 15 cikin 100.

Mu buga misali, kowa ya ɗauko biro. Ka ce albashinka naira 150,000 ne a wata. Kashi 8 ɗinka naira 12,000 ke nan, mai aikinka ya sa 15,000, jimilla 27,000 su shiga asusu. Sai aka yi kuskure ana cire maka 20,000 har wata shida. Rarar ita ce 8,000 sau shida, naira 48,000. Wannan 48,000 an lissafa ta a matsayin fansho, ba a cire mata haraji ba. Ranar da aka maido maka ita, ta koma albashi, don haka kashi 15 ɗinta, naira 7,200, haraji ne da ya hau kanka. Ka gane ko? Kada ka ga alat na 48,000 ka ɗauka duka naka ne.

Yanzu gyara. Abu na farko, tara takardu. Nemi takardar albashinka ta kowane wata, sannan ka buɗe manhajar PFA ɗinka a waya ko ka nemi su turo maka bayanin asusu. Jera su gefe da gefe: nawa aka cire, nawa ya shiga, a wane wata. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, don haka wannan dubawar za ta nuna maka har watannin da aka cire ba a tura ba.

Abu na biyu, rubuta wa ofishinku takarda. Ban ce kira a waya ba, ban ce saƙon WhatsApp ba. Takarda mai kwanan wata, a buga maka hatimi a kwafinka. Mai aikin ne ya tura kuɗin, shi ne kuma zai rubuta wa PFA da hujjoji yana neman a maido da rarar, su kuma su bi ƙa'idar PenCom kafin su saki kuɗi. Kai kaɗai ba za ka shiga ofishin PFA a Sakkwato ka ce a ba ka a hannu ba. Ina faɗar haka ne don mutumin Kebbe kada ya ƙona kuɗin mota zuwa birni ya dawo hannu rabbana. In an yi ta ja maka rai, kana da damar kai ƙorafi PenCom kai tsaye.

Abu na uku, ka tabbatar an gyara lissafin haraji. Mai aiki yana miƙa bayanin albashin ma'aikatansa na shekarar da ta wuce kafin ƙarshen Janairu, kai kuma naka bayanin kuɗin shiga zuwa 31 ga Maris. Mu mazauna Tambuwal da Kebbe, hukumar tara haraji ta jihar Sakkwato ce tamu. Wajen cike naka, rubuta fanshon da ya dace, 144,000 a misalinmu, ba 192,000 da aka cire ba. Adadin da ka rubuta ya zo daidai da na mai aikinka. In sun saɓa, ranar da ka je neman takardar shaidar biyan haraji don kwangila ko wata buƙata, nan za ka sha tambayoyi.

Sai masu ƙarin ganin dama. Abu ne mai kyau, amma ka san sharaɗinsa. Rabin abin da ka zuba ana kulle shi sai ritaya, rabin ne za ka iya taɓawa. Kuma dokar 2014 ta ce in ka ciro kafin cikar shekara 5 da zubawa, za a cire haraji a kan ribar da kuɗin ya samar. Sannan ƙarin da ba kai ka nema a rubuce ba, kada wani ya ce maka ai na ganin dama ne. Kuskure sunansa.

'Yan uwana matasa, muna ganin iyayenmu na hawa da sauka da fayil a hannu bayan sun yi ritaya, saboda kuskuren da aka yi shekaru da yawa babu wanda ya duba. Kuskuren wata shida ana gyara shi da takarda ɗaya. Na shekara ashirin kuwa, wanda ya yi shi ma ya bar ofishin.

Don haka aikin gida na wannan makon: kowa ya buɗe bayanin asusunsa, ya kwatanta da takardar albashinsa ta wata uku da suka wuce. Wanda babansa ko yayarsa ba su iya manhajar ba, ya zauna da su ya duba musu. Ku ajiye tambayoyinku, za mu ɗauke su a shiri na gaba in Allah ya kai mu.