Gonar Lambu Da Ta Zama Ta Ma'aikatanta



Kun fi ni sanin abin da ya kan sami gandu idan maigida ya kau. Magada su raba, kowa ya ja nasa, barori su watse. Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda wani manomi a Ingila ya yi wa lambunsa shiri tun yana da rai.

Sunansa Guy Singh-Watson, a lardin Devon. A cikin shekarun 1980 ya fara noman kayan lambu a wani ɗan yanki na gonar mahaifinsa, ba takin zamani, ba maganin feshi. A 1993 ya shiga kai wa mutane kayan har gida cikin akwati, mako mako, watau su karas da kabeji da dankali. Sana'a ta yi albarka, kamfaninsa mai suna Riverford ya kai ga ɗaukar ma'aikata ɗaruruwa.

To, da girma ya soma zuwa, sai masu jari su ka yi ta tayi. Ya ƙi. Dalilinsa kuwa shi ne, wanda ya saya don riba kaɗai ba zai daɗe yana riƙon ƙasa da ma'aikata yadda shi ya ke nufi ba. A watan Yuni na 1918 da ɗari, watau 2018, ya sayar wa ma'aikatansa kashi 74 cikin 100 na kamfanin, a kan kuɗin da bai kai abin da 'yan kasuwa za su biya ba. A 2023 ya sallama sauran.

Malamai, ga inda na ke so ku lura, don nan ne dabarar ta ke. Ba a yanka wa kowane ma'aikaci rabonsa a hannu ba. Hannun jarin duka an danƙa shi ga amintattu, su riƙe da sunan jama'ar ma'aikata, bisa wata doka da Ingila ta yi a 2014. Sabo da haka ba mai iya sayar da nasa ran da ya matsu, wanda ya bar aiki kuma ba ya tafiya da ko kunya ɗaya. Ma'aikata ba su fid da kuɗi daga aljihu ba, daga ribar kamfani a ke biyan mai shi sannu sannu. Suna kuma zaɓen majalisa da ke bin diddigin shugabanni. A ganina wannan majalisa ta fi rabon riba muhimmanci, gama mai ɗiban kabeji ya sami bakin tambayar manaja dalili.

Amma kada in yi muku zaƙin baki. Zama mai gona ba ya hana fari, ba ya hana kasuwa faɗuwa, bashi kuwa sai an biya. A Amurka, a jihar Vermont, akwai wani kamfanin kayan aikin lambu, Gardener's Supply, wanda ya koma hannun ma'aikatansa ɗungum a 2009. A 2025 bashi ya fi ƙarfinsa, ya kai kansa gaban kotu, a ka sayar da shi ga wani kamfani dabam.