Amsar Wasiƙunku: Ƙara wa Injin Mota Ƙarfi

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa yana tambaya, ko zai iya ɗaura wa motarsa sufacaja, irin ta motocin tsere?

To malam, wannan na'ura tamkar zugazugin maƙeri ce, iska take dannawa cikin injin. In iska ta ƙaru, dole makanike ya ƙara mai daidai da ita. In ba haka ba, zafi ya yi yawa, fistan ya narke, injin ya buga.

Sannan a duba gangar injin. Toyota Supra ta 1993 ta yi suna ne don gangarta ta baƙin ƙarfe ce, tana jure matsi. Tsohon injin da ya sha jigilar buhuna kuwa, gaskit ne zai fara ƙonewa. Ni dai shawarata, ka bar ta yadda take.