Dakashi da Ruwa: Wa Ke Yanke Shawarar Shayar da Jariri a Gidan Bahaushe?

A ƙasar Hausa ba kasafai ake tambayar ko mai jego za ta shayar da jaririnta ba, domin al'ada ta ɗauki shayarwa a matsayin haƙƙin ɗa a kan uwa, aya ta 233 ta Suratul Baƙara kuma ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Abin da wannan takarda ta sa a gaba shi ne lokacin da ake fara ɗora jariri a nono, da abin da ake ɗura masa kafin nan, da kuma wanda ke da ta cewa a kan waɗannan abubuwa biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa, a ba shi nono zalla har wata shida, wato ba ruwa ba koko, sannan a haɗa masa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ke samun nono zalla, ko da yake adadin ya ɗaga daga kashi 17 na 2013.

Matsalar tana farawa ne daga dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya da ke zuwa a kwanakin farko. A gidaje da yawa ana ganin sa gurɓataccen nono, sai a tatse a zubar, a riƙa ba jariri ruwan ɗumi ko rubutu ko madarar dabba har nono ya yi fari. Alhali dakashi ne ke ɗauke da sinadaran garkuwar jiki masu shafe hanjin jariri su kare shi daga gudawa, kuma ƙarancinsa ba aibi ba ne, tunda cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki kimanin cokalin shayi guda a tsotso ɗaya ba. Tsotson da kansa shi ke kawo nono, shi ne kuma ke sa jikin uwa ya saki sinadarin da ke matse mahaifa ya rage zubar jini, saboda haka jinkirin kwana biyu ko uku hasara ce ga uwa da ɗa baki ɗaya.

Batun ruwa ya fi wuyar sha'ani, domin daga tausayi yake fitowa: tsohuwar da ta ga zafin bazara ba za ta yarda a bar jinjiri da ƙishirwa ba. Sai dai kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, ruwan randa kuwa yana cika ƙaramin ciki ba tare da gina jiki ba, yana rage tsotso, yana kuma iya shigar da ƙwayoyin cuta. Wannan ne ya sa Nijeriya ta ƙaddamar da gangamin hana ba jariran da ba su kai wata shida ba ruwa a 2019.

Akwai matan da rashin lafiya ko wani magani ke hana su shayarwa, kuma waɗannan shawarar likita suke buƙata, bai kamata a zarge su ba. Ga sauran kuwa, abin lura shi ne mai jego, musamman mai haihuwar fari da kunya ta ɗaure wa baki, ba ita ke yanke hukunci a makon farko ba. Ungozoma da kaka da uwar miji ne ke riƙe da jariri, amma uwar jaririn kaɗai ake yi wa bayani a wurin awon ciki. Ana kira ga ma'aikatan lafiya da malamai da masu unguwanni su kai wannan bayani ga tsofaffin gida da mazaje tun kafin ranar haihuwa.