Shin Rashin Gemu Rashin Mazantaka Ne?

Takardarmu ta yau daga Damagaram ta fito, daga wani saurayi mai shekara 23. Ya ce abokai sun sa shi gaba da ba'a don haɓarsa sumul take, har kunyar zuwa zance yake ji. Shin yawan aski zai fito masa da gemu?

To Malam, amsa ita ce a'a. Tun a 1928 wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta gwada, ta ga aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko saurin tsiro. Tsinin gashin kawai reza ke yankewa, shi ya sa kake jin kaushi in ya tofo.

Gemu gado ne. Sinadarin maza, wato testosteron, shi ke tayar da shi, amma saiwar gashin wani ta fi ta wani amsa kiransa. Namiji lafiyayye kan rasa gemu, ya kuma cika gida da 'ya'ya. Wani ma sai ya doshi shekara 30 nasa ke cika. Saboda haka ka guji shafe-shafen 'yan talla. Amma fa in muryarka ba ta buɗe ba, kuma babu gashi a hammata, to maza ka ga likita.

Batun 'yan mata kuwa, kowace da gwaninta. Iyayenta kuma sana'arka da halinka za su bincika. Ai bunsuru ma da gemunsa, wa ya taɓa ba shi aure? Shirya ka tafi zancenka. Mu kwana lafiya.